Dutsen da Aka Yi wa Riƙon Goro

Duk wanda ya taɓa ratsa layin 'yan goro a kasuwar Dole ta Damagaram ya san Malam Ɗanƙarami. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don ita ke fara tarar mutum tun daga bakin ƙofa. Sunan ne kawai ƙarami. Goro kam ya iya shi, wannan ba mai ƙwace masa. Abin da ya ɓata shi, ya ɗauka tunda ya iya riƙon goro, to duk abin da Allah ya halitta ya iya riƙonsa. Shi ya naɗa wa kansa sarautar Sarkin Ajiya, ba rawani ba tambari, kuma kullum sai ya ba da labarin wani huhun goro da ya riƙe wata tara tsutsar sankara ba ta taɓa ko ƙwara ɗaya ba. Bara wata tara ne. Bana labarin ya kai wata goma sha huɗu.

Babbar 'yarsa Ummul Khairi tana karatun ilimin duwatsu a jami'a. Ranar Alhamis za ta tsaya gaban manyan malamai ta kare kundin da ta shekara biyu tana rubutawa, abin da 'yan boko ke kira sutanas. In ta ci ta fita da diplom, in ta faɗi wahalar shekara biyu ta bi ruwa.

Ranar Litinin da safe, damina ta yi tsakiya, ta fito daga ɗaki da wata 'yar kwalba a tafin hannu, ta durƙusa gaban uwarta Hajjo. An toshe bakin kwalbar an liƙe da kaki. A ciki ga wani ɗan dutse ja wur, bai wuce ƙwarar goro ba, yana ƙyalli, ga wasu 'yan ƙunshi farare guda uku a gefensa.

"Inna, ga amana. Zan je Gidimuni in gaida Kaka ta sa mini albarka, sai Alhamis da safe in dawo. Hanyar ba kyau, ina tsoron kwalbar ta fashe."

"Mene ne a ciki?"

"Malamina Farfesa Suma'ila ya ara mini, ranar sutanas zan nuna shi in mayar masa. Shi ya ɗebo shi da hannunsa tun yana ɗalibi, a wata ƙasa bayan teku, kan dutse mai aman wuta. Irin wannan dutsen yana da ramuka da hayaƙi mai zafi ke fita ta cikinsu dare da rana. In hayaƙin ya iso bakin rami ya huce, sai ya bar wannan a manne, kamar yadda hayaƙin murhu ke barin kunkunniya a rufin madafi. Ba haƙo shi ake ba, hayaƙi ke haifar shi. Ruwan sama na farko kuma ke wanke shi, shi ya sa samunsa ke da wuya. Farfesa ya ce bai san wani mai irinsa ba a ƙasar nan."

Malam Ɗanƙarami yana kan tabarma yana shan koko. Ya dire ludayi.

"Ana ba da ajiya a gidan nan, ina zaune da raina, a tsallake ni a ba Hajjo? Hajjon da ko allura ta ajiye sai an share ɗaki uku?"

"Allurar dai in an share ana ganin ta," in ji Hajjo. "Ina rediyon Shatu maƙwabciya da aka ba ka ajiya?"

"Rediyon nan dama da ciwonsa ya zo."

Ya miƙa hannu. Ummul Khairi ta dubi uwarta, ta dubi hannun. Ɗiya ba ta barin hannun uba a miƙe, sai ta ɗora kwalbar a kai.

"Baba, don Allah abu ɗaya. Kada a buɗe. Ba ya son ruwa ko kaɗan. Ko laimar da ke cikin iska tsotsa yake ya narke. 'Yan ƙunshin nan su ke shanye laimar."

"Uwata, je ki gaida tsohuwa. Ina riƙon ajiya tun ba a gina lakwal ɗinku ta boko ba."

Tana fita ya ɗaga kwalbar ya duba ta haske, ya girgiza kai cike da tausayi. Shi a saninsa abu mai daraja ba a shaƙe shi. Goro in ka toshe shi a kwalba ka hana shi iska da ruwa, kwana biyu ya mutu. Nan take dabara ta faɗo masa. Zai yi wa dutsen nan riƙon gaske, ya mayar da shi ya fi yadda ya zo, ranar Alhamis malamai su tambaya wane gwani ne ya riƙe shi, a rubuta sunansa cikin littafin jami'a. Ya jefa kwalbar a aljihu ya nufi kasuwa.

Rumfar da ke kallon tasa ta Bukar ce, mutumin Manga mai sayar da kanwa, abokin gardamarsa na shekara ashirin.

"Wushe, wushe, Sarkin Ajiya. Yau kuma me aka ajiye?"

Ɗanƙarami ya dasa kwalbar kan buhu, ya bari sai da mutane suka taru.

"Wannan da kuke gani daga bakin wuta aka ciro shi. Mutum goma suka hau dutsen, ɗaya ya sauko. Aka rasa mai iya riƙonsa a ƙasar nan, daga nan har Yamai, sai aka ce a kai wa Ɗanƙarami."

Bukar ya leƙa, ya taɓe baki.

"Kanwa ce."

"Kanwar gidanku."

"Jar kanwa ce ta sami wanka. Ido ba ya sanin kanwa, harshe ke sani. In ba tsoro, buɗe."

Maganar Ummul Khairi ta ɗan taɓa shi a zuci. Amma mutum ashirin na kallo, kuma Ɗanƙarami bai taɓa barin kalmar tsoro ta kwana a rumfarsa ba. Ya zaro wuƙar fasa goro ya kankare kakin. 'Yan ƙunshin nan ya ce maganin ƙwari ne na Turawa, shi kuwa rumfarsa ba ƙwaro, ya watsar da su a kwata.

Bukar ya karɓi dutsen ya lasa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya.

"Gishiri a gaba, ɗaci a tsakiya, a ƙarshe kamar ka lashi tsohuwar fartanya."

"To kanwa ce?"

"Ban ce ba kanwa ba ce. Bari a kira Mamman."

Aka kira Mamman mai kanwa ya lasa, ya ce gishirin manda ne da ya lalace. Na kusa da shi ya ce Mamman bai san manda ba, shi ma ya lasa. Kafin azahar harshe bakwai sun bi ta kan dutsen Farfesa, an yi rantsuwa huɗu, mutum biyu sun daina gaisawa, kuma ba a tsayar da magana ba. Da la'asar Ɗanƙarami ya duba, ya ga 'yan ɗigon ruwa sun feso a jikin dutsen.

"Kun gani? Shekara talatin yana shaƙe, yau ya sha iska ya fara gumi. Rai ya dawo."

Washegari Talata ya tarar jan ya dushe ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, kaifin gefunan duk sun dakushe. Bai damu ba, ya san wannan ciwon. Goro in ya yamushe ƙishirwa ce. Ya zaɓo ganyen fita mai kyau, wanda ake naɗe goro da shi, ya naɗe dutsen, ya jiƙa buhun algarara ya lulluɓe, ya kawo bidon ruwa yana yayyafawa da yatsu yana 'yar waƙa.

Hajjo ta tsaya a kansa da muciya a hannu.

"Malam, yarinyar nan ta ce ba ya son ruwa."

"Hajjo, a Damagaram wa ya taɓa ƙin ruwa? Mutane na bin 'yan garuwa da roƙo, shi an kawo masa har kwance, ya ce ba ya so?"

"Shi ai ba ɗan Damagaram ba ne."

"Baƙo ne, shi ya sa ake ba shi ruwa."

Ta ce Allah ya kyauta, ta koma madafi. Shi kuwa ya ɗauki ƙunshinsa ya tafi kasuwa. Sau uku ya yayyafa masa a ranar, yadda yake yi wa goron daushe mai tsada. Da yamma ya buɗe ganyen don ya ga ci gaba, sai ya ga dutsen ya koma kamar dabino, ganyen kuma ya yi wani rawaya-rawaya. Ya tsaya ya yi nazari irin na manya, ya gano bakin zaren: sata ake masa. Ya tsallaka rumfar Bukar.

"Buɗe bakinka."

"Lafiya?"

"Jiya lasa aka ce ka yi. Gatsa ka yi."

"Ni da haƙora huɗu? Je ka tambayi ɓerayen rumfarka, su ke da kayan aiki."

Maganar ɓera ta shige shi. Ya kwashi ƙunshin ya kai gida, ya zaga ɗaki-ɗaki yana neman inda ɓera da ɓarawo ba sa zuwa. Akwati bai yarda da shi ba, don Hajjo na da mabuɗi. Ƙarshe ya durƙusa gindin randa, inda yashin nan ke jiƙe rani da damina, ya tona rami ya binne. Ya miƙe yana karkaɗe hannu, ya ce tun da aka kafa Birni ba a taɓa jin ɓarawo ya tona gindin randa ba.

Gaskiyarsa, ɓarawo bai zo ba. Laraba da safe ya tona, ya sami abin bai kai ƙwarar gyaɗa ba, ya yi laushi, yashin da ke kewaye da shi ya rine kamar tsatsa. Gabansa ya faɗi, faɗuwa ta gaske, don gobe ne Alhamis. Hajjo ta leƙo ta kafaɗarsa.

"To, Sarkin Ajiya, ɓarawon cikin randa yake kwana?"

Da wani ne da ya ce na tuba. Ɗanƙarami ya gyara murya.

"Ke ba ki san tsarin ba. An gama matakin jiƙo, yanzu sai shanya. Dama haka na shirya."

Ya ɗora ɗan abin da ya rage a farantin tasa, ya hau tsani ya ajiye kan soro inda rana ke bugawa, ya tafi masallaci sallar azahar. Yana sahun gaba, an tayar ke nan, ya ji iska ta kaɗo daga gabas. Kafin a yi ruku'u ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Liman kuwa ranar nan bai yi gaggawa ba. Ana sallama Ɗanƙarami ya tsallake sahu uku, ya fita ba takalmi, yana gudu tumbi na gaba yana biye.

Ya hau soro ya tarar faranti ya cika da ruwa rawaya, yana ambaliya yana bin indararo. Indararon nan waje yake zuba, kuma a Damagaram in sama ta buɗe ba a barin ɗigo ya faɗi ƙasa a banza. Shatu maƙwabciya ta riga ta kafa bahonta a ƙarƙashi. Ya sauko da farantin a hannu yana lallaɓawa, ya same ta tsaye da buhu a ka.

"Shatu, ruwan nan nawa ne."

"Ikon Allah. Yaushe ka fara saukar da ruwa?"

"Dutsena na ciki."

Ta leƙa bahon.

"Ni ban ga dutse ba."

"Ya narke."

"Malam Ɗanƙarami, rediyo ka ce ciwo ya kashe shi, na yi shiru. Yanzu kuma dutse ya narke. Ɗauki bahon, amma ina tsaye za ka juye ka ba ni abina, kada shi ma ya narke."

Ruwa na ɗaukewa Bukar ya iso, don labari ya riga ya kai kasuwa. Ya dubi baho, ya dubi faranti, ya ce abin ba na tashin hankali ba ne. A Manga gishiri in ya bi ruwa da wuta ake dawo da shi, a yi ta dafawa har ruwan ya ƙone gishirin ya zauna. Ɗanƙarami ya ce ai shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan. Hajjo ta ce tukunyarta ko ɗaya ba za ta hau wannan wutar ba. Sai ya ɗauko babbar butar shayinsa, wadda bai taɓa wankewa ba don a cewarsa wanki na kashe ɗanɗano, tsohon ganyen shayi na kwance a gindinta. Ya ɗora kan gawayi ya juye ruwan farantin.

Ruwan na haɗuwa da ganyen ya koma baƙi ƙirin.

Suka dubi juna. Bukar ya ce a Manga dai ba ya yin haka. Suka ci gaba da dafawa suna ƙara na bahon kaɗan-kaɗan, Ɗanƙarami na fifita da hularsa, maƙwabta sun cika zaure suna ba da shawara. Rana ta yi ja, abin da ya rage a gindin buta bai fi cokali biyar ba, baƙi mai kauri. Wani malamin allo da ya zo wucewa ya tsoma tsinke ya ja layi a tafin hannunsa, ya tambaya da ladabi ko tawadar ta sayarwa ce.

Garin neman gira an rasa ido. Ɗanƙarami ya ɗura baƙin ruwan cikin 'yar kwalbar Farfesa ya toshe, ya zauna ya yi tagumi. Ya tuna yadda yarinyar ta durƙusa ta ɗora masa kwalbar a hannu. Ya so ya kira ta ya faɗa mata gaskiya, har ya ciro waya. Da ya ji an ce ba rezo, waya ba ta shiga inda take, sai ya ji wani sanyi, ya mayar da wayar aljihu da sauri.

"Bukar," ya ce ƙasa-ƙasa, "ka ce kanwa ce ko?"

"Tun ranar farko."

"To tashi mu je rumfarka."

Bukar ya zaɓo masa guntun jar kanwa daidai ƙwarar goro. Ɗanƙarami ya ture shi, ya ɗauki wani kamar dunƙulen hannu.

"Wannan ya yi girma," in ji Bukar.

"Abu ya kwana uku a hannuna ya koma yadda ya zo? To ina amfanin ajiyar?"

Suka bi ta wajen dukawa suka samo jan garura, irin wanda ake rina fata da shi, suka shafe kanwar har ta yi ja kamar zakara ya yi dambe. Ta ƙi shiga 'yar kwalbar, dama kuma kwalbar na da baƙo a ciki. Sai aka aro babbar kwalbar mai alawa aka saka, aka rufe da sabon ƙyalle.

Alhamis da safe Ummul Khairi ta kira. Ruwa ya cinye hanya, motarsu ta makara, daga tasha kabu-kabu za ta hau kai tsaye zuwa jami'a.

"Baba, kwalbar tana lafiya?"

"Kwalba lafiyarta ƙalau," in ji shi, kuma a nan kam bai yi ƙarya ba. "Ni da kaina zan kawo."

Mai hankali da ya tafi shi kaɗai ya zauna a baya. Amma tun Litinin ya gayyaci layin 'yan goro da na 'yan kanwa kaf, kuma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya sa babbar riga fara, ya rungumi kwalbar alawa, ya shiga gaba, mutum talatin na biye, Hajjo da Shatu a ƙarshe suna magana ƙasa-ƙasa.

Malamai uku ne zaune bayan dogon tebur. Na tsakiya shi ne Farfesa Suma'ila, tsoho siriri mai tabarau, muryarsa ba ta tashi sama. Ummul Khairi ta tsaya ta yi ta bayani da Faransanci, ba gargada. Ɗanƙarami bai ji ko kalma ɗaya ba, amma yana gyaɗa kai yana waiwayen 'yan kasuwa, kamar shi ya koya mata. Da ta gama, Farfesa ya ce da Hausa, saboda iyaye, a kawo dutsen.

Ta juyo za ta karɓa, uban ya riga ya miƙe. Ya taka har gaban tebur, ya dire kwalbar.

"Ranku ya daɗe, ni ne Ɗanƙarami, Sarkin Ajiya na kasuwar Dole. An kawo mini shi a rame. Ga yadda na mayar da shi."

Ya yaye ƙyallen.

Ummul Khairi ta dafa tebur. Farfesa ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya daɗe yana kallo.

"Ya girma," ya ce.

"Riƙo ne, ranka ya daɗe."

Farfesa ya buɗe kwalbar ya ciro abin, yatsunsa suka rine ja. Ya juya shi, ya shinshina, sannan a gaban kowa ya kai baki ya lasa.

"Jar kanwa ce. Ta Manga, kuma mai kyau. Mahaifiyata shekara arba'in tana sayar da irinta."

Bukar, da ya ji an yabi kayansa gaban manya, bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Rumfa ta uku in ka shigo ta gabas."

Dariya ta fashe daga baya, amma ba ta yi nisa ba, don malamin da ke hannun dama ya buga tebur. Ya ce wannan ba wasa ba ne. Ɗalibin da aka ba abu na gaske ya kawo jabu gaban malamai, ba faɗuwa kaɗai ke jiransa ba, kora ce. Farfesa ya dubi yarinyar.

"Ummul Khairi, wa ya buɗe kwalbata?"

Ta dubi ubanta sau ɗaya, ta sunkuyar da kai.

"A hannuna kuka ba da ita, Farfesa. Ni ke da alhaki."

Hawaye ya gangaro ya ɗiga kan kundin, ta sa gefen mayafi ta goge kundin, ba fuskarta ba. Nan abin ya soki Ɗanƙarami inda bai taɓa jin suka ba. Kwana uku yana tsoron kunyar kasuwa, ga 'yarsa za ta yar da shekara biyu don kada a yi masa dariya. Kunya ta kama shi, ta gaske, har ya ji rigar ta yi masa nauyi.

"Ranka ya daɗe, ba ita ba ce," ya ce, da wata murya da 'yan layin goro ba su san shi da ita ba. "Ta ce kada a buɗe, na buɗe. Ta ce ba ya son ruwa, na ba shi. Ni na kashe dutsen nan. In kora ce ni za a kora."

"Kai ba a ɗauke ka ba balle a kore ka," in ji Farfesa. "Faɗa mana abin da ka yi, daki-daki, kada ka tsallake."

Ya fara. Ya ce ranar Litinin mutum biyu ko uku sun ɗan lasa.

"Bakwai," in ji Mamman daga baya.

Ya ce da la'asar dutsen ya yi gumi. Farfesa ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya juya ga Ummul Khairi ya tambaye ta wane gumi ne dutse ke yi. Ta share ido ta ce ba gumi ba ne, laimar damina ce ya tsotso daga iska har ta fara narkar da shi, don a bakin rami mai zafi aka haife shi inda ruwa ba ya zama. Ɗanƙarami ya ce ranar Talata ya ɗan yayyafa masa sau ɗaya.

"Sau uku," in ji Hajjo.

Haka aka yi ta tafiya. Uba ya faɗi ɓarna, 'yan kallo su cika abin da ya rage, malamai su tambaya, 'ya ta bayyana dalili. Me ya sa yashin gindin randa ya yi kalar tsatsa? Ta ce akwai ƙarfe a cikin dutsen, shi ne ma ya ba shi jan. Me ya sa ruwan ya yi baƙi a butar shayi? Ta ce ƙarfen ne ya haɗu da abin da ke sa shayi bauri, kamar yadda dukawa ke samun baƙi in ruwan ƙarfe ya hau fatar da aka jeme da bagaruwa. Malamin da ya buga tebur ya jefo mata tambaya uku masu wuya da Faransanci, ta amsa, ya koma ya jingina yana rubutu.

"Yanzu ina abin da ya rage?" in ji Farfesa.

Ɗanƙarami ya laluba aljihu ya ciro 'yar kwalbar. Ashe toshiyar ba ta kama ba, rabin tawadar ya bi farar rigar tun daga ƙirji har gwiwa, shi kaɗai ne bai lura ba. Farfesa ya karɓa ya ɗaga ta haske.

"Shekara talatin da ɗaya," ya ce a hankali. "Kwana biyu na yi ina hawa, tafin takalmina ya narke. Ya tsallake teku, ya ratsa sahara, na canza gida sau biyar bai yi ko tabo ba. Ƙafafuna ba za su sake hawa dutsen nan ba."

Ba wanda ya yi dariya. Tsohon ya ajiye kwalbar, ya ce kowa ya fita malamai za su yi shawara.

Ɗanƙarami bai tsaya cikin mutane ba. Ya koma gindin wata bedi ya tsuguna, yayyafi na sauka a kansa. Yana jiyo Bukar na ce wa mutane duk mai dutsen da ya tare masa ƙofa a Birni ya kai wa Sarkin Ajiya, kwana uku ya isa. Can ya ji guɗar Shatu, ya ɗaga kai, sai ga Ummul Khairi ta ratso mutane da takardar sakamako a hannu. Ta zo ta durƙusa gabansa.

"Baba, na ci. Sun ce ba su taɓa yi wa ɗalibi tambayoyi masu yawa haka ba."

"Farfesa fa?"

"Ya ce ya yafe. Ya ce ka je ka gaishe shi, amma kada ka taɓa komai a ofishinsa."

Ta miƙa masa takardar da hannu biyu.

"Ga ta. Kai za ka fara riƙewa."

Ya dubi takardar, fara tas da hatimi a ƙasa. Ya dubi hannuwansa, ɗaya ja da garura, ɗaya baƙi da tawada, duka a jiƙe. Sannu a hankali ya mayar da su bayansa ya harɗe.

"A'a, uwata. Karanta mini daga nan, ina ji. Kuma matsa ƙarƙashin rumfa, ana yayyafi."